Na'urar da Na Zaɓa wa Gola

Talata, uku ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina neman afuwa tun kafin in fara, domin na san bai kamata yarinya ta rubuta wa babba wasiƙa ba tare da an sa ta ba, balle wanda rabonta da shi tun tana 'yar shekara biyar. Ni ce babbar 'yar ƙanwarka, wadda mahaifiyarta da taka suke ciki ɗaya. An ce ranar da ka zo gidanmu bayan labule na ɓuya har ka tafi. Yanzu ina aji biyar a sakandare.

Goggo ce ta ba ni wannan adireshi. Ta ce idan aka aika saƙo ofishin kamfaninku, suna buga shi a takarda su miƙa maka duk sa'ad da jirgin ruwanku ya tsaya. Ta ce kada in kira waya, ƙarar inji ta taɓa maka kunne. Allah ya ƙara sauƙi. Ina fatan kana lafiya, da aiki da abokan aiki. Mama tana lafiya, tana nan a wurin wanki da guga na otal, sai dai ciwon baya na yawan tsayuwa.

Ƙanena ne ba lafiya. Shekararsa goma sha huɗu, shi ke tsare raga a ƙungiyar unguwa, shi ya sa kowa ke ce masa Gola, har Mama. Sati uku ke nan da ya faɗo daga tsani, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu a ƙasan gwiwa. An sa masa siminti, likita ya ce wata uku.

Kawu, ni ce nake riƙe da tsanin. Iska ce ta ɗauke rigar makarantata daga igiyar baranda ta jefa kan rumfar shagon da ke ƙasan benenmu. Na roƙe shi ya hau ya ɗauko mini. Yana saman sai na hango 'yan ajinmu su huɗu suna tahowa a titi, ni kuwa ina cikin tsohuwar rigar aikin gida, duk kumfar sabulu. Ban yi tunani ba. Na saki tsanin na shige bayan ƙofar bene. Daga can na ji ƙarar faɗuwarsa.

Ya ce wa Mama santsi ne ya ɗebe shi. Babu wanda ya san gaskiya sai ni da shi, yanzu kuma sai kai. Tun ranar ba ya yi mini magana. Idan na kai abinci yakan ce "ajiye", idan na ɗauke kwano yakan ce "to". Da shi ne mai cika gidan da surutu har Mama ta ce ya ba kunnenta hutu.

Abokansa sun yi ta zuwa a satin farko, yanzu sun ragu. Na ji suna cewa bayan atisaye kowa daga gidansu yake haɗuwa da sauran a wasan ƙwallo na gem ta intanet. Gola ba shi da na'urar. Yana kwance yana kallon silin su kuma suna can tare. Goggo ta ce ka tambaye ta ko akwai abin da za ka aiko wa yaron. Shi ya sa na yi ƙarfin hali. Idan ya samu na'urar zai koma cikin abokansa, wataƙila ni ma ya kalle ni.

Idan na wuce gona da iri, ka yage takardar, ba zan ji haushi ba.

'Yarka.

*

Asabar, ashirin da ɗaya ga wata

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta kwana goma sha takwas a ofis kafin mu iso. Na karanta ta a tsaye a bakin tasha da baƙin mai a hannuna, har yanzu shatin yatsuna na jikinta. Lafiyata ƙalau. Kunnen ne dai, na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana.

Na tuna ki. Ƙafafunki kaɗai na gani a ƙasan labulen, da safa ɗaya ja ɗaya fara. Allah ya ba Gola lafiya. Ƙashin yaro ba ya wuyar haɗewa.

Yau da safe na shiga shagon da ake sayar da waɗannan na'urori. Shekara talatin ina kwance inji mai girman gidanku ina mayarwa, amma yarinyar shagon ta mai da ni ɗan aji ɗaya. Iri uku ta nuna mini. Akwai babba baƙa, kamar akwatin batir, ana jona ta da talabijin. Akwai fara, ta fi ta sirantaka, ita ma sai da talabijin. Akwai ƙarama mai gilashinta a jiki, ana riƙe ta a hannu kamar faranti. Duk ta ce suna kama intanet ba tare da an jona musu waya ba. Ta yi ta bayani, ni ina gyaɗa kai, rabin maganar ta wuce ta kunnen da ya yi ritaya. Na kwafo miki sunayensu da lambobinsu a ƙasan takardar nan.

Ke za ki zaɓa, amma ki hanzarta. Ranar Laraba muke tashi, kuma sai mun yi sati biyar ko shida a ruwa. Ki tambayi yaron wacce yake so. In kina so ya zo masa ba zato, tambayi abokansa, su suka san kayansu.

Maganar tsani na ji. Ba zan ce miki ba komai ba, domin kin san da komai. Amma shekararki goma sha shida, kuma ba da nufi kika yi ba.

Abu ɗaya ya hana ni zama tun da na karanta. Na san mamarki. Takarda ba za ta fito daga gidanta ta zo wurina ba sai ta ɗaga kai. Shekara shida ina jiran wannan. Ki gaishe ta, zan sa mata 'yan layuka a cikin kwalin.

Kawunki.

*

Litinin, ashirin da uku ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode, na gode ƙwarai. Muna lafiya. Gola ya fara takawa da sandunan asibiti daga ɗaki zuwa banɗaki, yana ƙorafin ƙaiƙayi a cikin simintin, har ya lanƙwasa wa Mama cokali biyu wajen susa.

Ina rubuto wannan daga laburaren makaranta, saura minti ashirin a rufe. Na yi amfani da hutun tara na yau da darasin da malaminsa bai zo ba na karanta duk abin da na samu game da na'urorin uku. Na zana jadawali kamar yadda ake koya mana, na ba kowacce maki a kan kyan hoto, da sauri, da yawan wasannin da take ɗauka, da ƙarfin kama intanet, da daɗewa ba ta lalace ba. Babbar baƙar ta ci ashirin da uku cikin ashirin da biyar. Farar ta ci goma sha tara. Ƙaramar ta ci goma sha huɗu, domin hotonta bai kai nasu ba, kuma batirinta na ƙarewa. Saboda haka babbar nake roƙo a saya.

Gara in faɗi gaskiya, ban tambayi kowa ba. Jiya na tsaya a ƙofar ɗakin Gola da tambayar a bakina, ya ɗago ya kalle ni, sai na ce ko yana son ruwa. Da yamma na je har filin atisaye. Na hango kyaftin ɗinsu yana ɗaure takalmi, yara maza sun fi ashirin a wurin, wasu ba riga. Na tsaya a jikin wayar shingen filin har aka busa usur, na juyo. Amma na duba lissafina sau biyu, kuma abin da ya fi kyau ai ya fi kyau ko wa aka tambaya.

Game da Mama, akwai abin da ya kamata in bayyana, amma mai kula da laburare tana kaɗa makullai. Zan yi bayani a wasiƙa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.

'Yarka.

*

Lahadi, goma sha tara ga sabon wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ruwa kuma ya yi muku sauƙi. Mu muna lafiya. Kwalin ya iso ranar Talata. Na daɗe ina juya yadda zan rubuta wannan wasiƙa, domin laifi biyu zan kawo maka, duka nawa.

Na farko. Mama ba ta san na rubuta maka ba. Na ga yadda ka fahimta, na kuma bar ka a haka, domin na ji tsoron idan ka sani za ka fasa. Mai babur ya kawo kwalin da sunanta daidai lokacin da ta dawo aiki. Ta karanta takardarka a tsaye, ko takalmi ba ta cire ba. Ban san duk abin da ka rubuta ba, amma na ji ta maimaita wuri ɗaya, inda ka gode mata da ta huce.

Ta ce, "Wa ya ce masa na huce?"

Na ce ni ce na rubuta, Goggo ta ba ni adireshi.

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ke da ba kya iya tambayar mai shago canji. Ashe hannunki ba ya jin kunya, bakin ne kawai."

Ta fara mayar da takardar cikin kwalin, na san kuma mayarwa za ta sa a yi. Sai Gola ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Mama, mene ne aka kawo?" Ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta zare takardar ta sa a jakarta, ta ce, "Kai masa. Shi bai yi wa kowa komai ba."

Kawu, da ka ga fuskarsa. Ya rungume kwalin kafin ma ya buɗe. Ya shafa na'urar, ya ciro hannayen nan biyu da ake danna wasan da su, ya yi ta juya su. Bai yi mini magana ba, amma ya ce wa iska, "Sai an haɗa da waifai," kuma ni kaɗai ce a ɗakin.

Ba mu da waifai a gida, sai datar wayar Mama, ita kuwa ba za ta ɗauki wannan aiki ba. Mai shagon fotokwafi na ƙasa yana da shi, shi ne ma mai tsanin. Na sauka don in roƙe shi lambar sirrin, na kasa, sai na ba shi jadawalin darussana ya yi mini kwafi. Washegari na koma, na sake ba shi jadawalin. Ya riƙe takardar bai sa a inji ba.

Ya ce, "'Yar sama, wannan jadawalin ko shugaban makarantarku ba shi da kwafinsa kamar ke. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa, ina kallon ƙasa. Ya rubuta mini lambar a bayan wata takarda da ta lalace, ya ce don Gola ko injin aka ce ya bayar zai bayar, sai dai ƙarfe shida yake kashe komai ya rufe.

Waifan ba ya kaiwa ɗakin Gola, ba ya ma kaiwa bangon da talabijin yake. Ta tagar falo kawai yake shigowa, wadda ke saman shagon. Na yi ta zagaye falon da wayar Mama a sama kamar mai neman ɓera, har na gano wurin. Na ɗauke talabijin na ɗora a kan teburin guga a gindin tagar, na jawo katifar Gola na shimfiɗa a gabansa. Na jona na'urar da wuta da talabijin. Ta nuna sunayen waifan maƙwabta guda bakwai, na zaɓi na shagon, na shigar da lambar harafi ɗaya-ɗaya da hannun wasan. Sau uku tana ƙi, a na huɗu ta karɓa. Sai kuma ta ce sai ta sauke wasu abubuwa tukuna. Muka zauna muna kallon layi yana tafiya kamar tururuwa, shi a katifa ni a bakin ƙofa. Ya kai casa'in da ɗaya cikin ɗari, muka ji ƙarar ƙofar shago ana ja. Shida ta yi. Gola ya yi dariya, dariyar farko tun da ya faɗi, ko da yake ba da ni ya yi ba.

Ranar Juma'a da rana ta gama. Ya buɗe wasan ƙwallon, ya shiga wurin neman abokai, ya rubuta sunan da kyaftin yake amfani da shi. Ba a samu ba. Ya rubuta na biyu, na uku, har na shida. Ya ari wayar Mama ya kira kyaftin, ya sa a sifika domin hannayensa na kan wasan, don haka na ji komai.

Kyaftin ya ce, "Wace iri aka kawo maka?" Gola ya faɗa. Ya ce, "Kai, ka haye, wannan ai ta manya ce. Amma mu duk ƙaramar hannu gare mu. Wasanmu ba ya haɗuwa da naka, kowa da layinsa."

Wannan shi ne laifi na biyu. Ƙaramar da na ba maki goma sha huɗu. Na yi gida biyar a jadawalina, babu gidan da ya tambayi wacce abokansa suke da ita, alhali don su aka yi abin gaba ɗaya. Kai ma ka gaya mini in tambaya.

Gola ya kashe wayar. Ya buga wasa ɗaya shi da na'urar, ya ci uku da nema, ya ajiye. Ya ce, "Ki ce wa Kawun na gode." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini cikin sati tara, kuma da na san haka za ta zo da na haƙura da ita.

Ka yafe mini. Ka yi ɗawainiya, ni na ɓata ta.

'Yarka.

*

Alhamis, talatin ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na san kana ruwa, amma kullum sai na duba a laburare, kuma kullum sai zuciyata ta ce mini ka karanta ka yi fushi ne. In haka ne, ka yi daidai.

Na'urar tana nan a gindin taga, Mama ta rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Gola ya koma ɗakinsa.

Jiya Mama tana ninke kaya, ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Idan kin sake rubuta wa mutumin naki, ki ce masa lambata ba ta canja ba." Na ce ai ba ka ji a waya. Ta ce, "Ni ina ji." Na kawo maka kamar yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

'Yarka.

*

Laraba, shida ga wata

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiya muka iso, aka ba ni takardunki biyu tare. Ban yi fushi ba, famfon mai ne ya yi fushi, ya ƙara mana kwana tara a ruwa. Lafiyata lau.

Maganar mamarki ba laifinki ba ne ke kaɗai. Kin rubuta abin da kika rubuta, ni na karanta abin da nake so in gani. Tun da kin ba ni sirrinki, bari in ba ki nawa, don ki san abin da ta ƙi hucewa a kai.

Lokacin da mahaifinku ya rasu, na ce wa kowa muna tsakiyar ruwa. Ƙarya ne. Muna tasha, an kuma ba ni hutun sati guda. Na haɗa jaka, na je har filin jirgin sama. Sai na tuna zan tsaya a gaban yarinyar da na goya, ga yara biyu, ban san me zan ce mata ba. Na koma ɗakina na zauna har hutun ya ƙare. Bayan wata biyu na aika mata da firji. Ta riga ta ji gaskiya daga bakin wani abokin aikina, ta mayar da firjin ko kwalinsa ba a buɗe ba. Daga nan na aika da keken ɗinki, shi ma ya dawo. Shekara shida ban gane abin da take nufi ba, ina ta tunanin ko kayan ne ba su yi mata ba.

Na kira ta yau da safe. Na ga a gilashin wayar an ɗauka. Na fara magana, na faɗi abin da na rubuta miki yanzu da wasu da ba na yara ba. Minti goma sha ɗaya. Ban sani ba ko tana kan layin, ko ta ajiye wayar a kan tebur ta tafi wanke-wanke. Idan kin sani ki gaya mini, ko wanne ne.

Na'urar ba za ta canzu ba, shagon yana wata ƙasa, mu muna wata. Zan iya sayen ƙaramar a nan in aiko, ba wuya. Amma kafin in saya ina so ki yi tunani. Tun daga takardarki ta farko nake neman wurin da kika ce kin zauna kusa da yaron nan kin ce masa ke kika saki tsanin, ban gani ba. Kin rubuta wa tsohon da ba ki sani ba a bayan teku, kin sauka wurin mai fotokwafi, kin ɗaga talabijin ke kaɗai. Ɗakinsa kuwa taku nawa ne daga naki? Ba wa'azi nake miki ba, ba ni da bakin yi. Na dai san wannan hanyar, na san kuma inda take kaiwa.

Muna nan har ranar Litinin ta sama.

Kawunki.

*

Asabar, tara ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na yi murna da kuka iso lafiya. Mu ma muna lafiya.

Bari in fara da tambayarka. Tana kan layin. Ranar hutunta ce, ina shirin makaranta. Ta zauna a bakin gado da wayar a kunne, hannunta ɗaya a kan bakinta, ba ta ce uffan ba har ka gama. Bayan ka kashe ma ba ta sauke wayar nan da nan ba. Ba ta yi mini maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Ban sani ba ko ta huce. Abin da na gani ke nan.

Ranar Alhamis da na dawo makaranta na kai wa Gola abinci. Ya ce, "Ajiye." Na ajiye, sai na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, "Ni na saki tsanin."

Ya ce, "Na sani mana. Ai ni ne a kai."

Na ce ya yi haƙuri. Na faɗi maganar 'yan ajinmu da rigar, duk da cewa da na faɗa da baki sai na ji ta ƙara zama wauta.

Ya ce, "Wannan ma na sani, daga sama na hango su kafin ke. Ba shi ne ba. Sati goma sha biyu kina ajiye mini tire kina gudu kamar wadda aka aiko daga otal ɗin Mama. Ko sau ɗaya ba ki zauna ba."

Na ce na zaci ba ya son ganina.

Ya ce, "Ba na so ɗin. Amma da kin zo in kore ki."

Na fara kuka, ya ce in daina, miyar za ta yi gishiri. Sannan ya ce, "Gem ɗin kuma, da kin tambaye ni, minti ɗaya ne. Kunyarki ta karya mini ƙafa, ta dawo ta sayo mini gem ɗin da ba kowa a ciki. Ke Yaya, sai yaushe?" Ba da wasa ya faɗi wannan ba.

Jiya aka cire simintin. Ƙafar ta rame ta yi fari-fari, kamar ba tasa ba. Likita ya ce ƙashin ya haɗe, amma babu tsalle babu faɗuwa sai baɗi. Gasar 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar wata mai zuwa ce, kuma baɗi ya wuce shekarun. Ƙungiyar ta riga ta samu sabon mai tsaron raga. A motar dawowa Gola ya juya fuskarsa wajen taga tun daga asibiti har gida. Wannan babu na'urar da za ta gyara shi, kuma ni na jawo.

Na gaya masa ka ce za ka aiko da ƙaramar. Ya ce a gode maka amma ka bar shi, nan da sati biyu zai iya takawa zuwa filin ya zauna a benci. Kyaftin da yara biyu sun zo sau ɗaya don su ga babbar, sun yaba hotonta, sun buga har mai fotokwafi ya rufe. Sun ce za su dawo.

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Amma yana magana. Yau da safe ya aike ni sau biyar, ya ce tafiyata kamar ta agwagwa, ya kuma riƙe ni kusan awa guda yana bayanin yadda ake sanin ɓangaren da mai bugun fenareti zai buga. Ban gane rabinsa ba, na dai zauna har ya gama.

Na ce masa zan gaya wa Mama gaskiya. Ya ce a'a, ƙafarsa ce, labarinsa ne, zai ajiye shi ya riƙa yi mini barazana da shi har in tsufa. Abin dai bai kwanta mini ba, kuma ban san wa zan tambaya ba sai kai.

Maganar na'ura ta ƙare, ba ni da sauran dalilin damun ka, kuma ba zan sake roƙon a aiko da komai ba. Amma idan ba takura, ko za ka yarda in riƙa rubuto maka haka kawai, ko da amsar za ta yi sati shida a ruwa? Wannan karon na tambayi Mama tukuna. Ta ce in tambaye ka.

'Yarka.